Barcin da Na Yi Wa Godiya

Ina gaishe ku, iyayena da 'yan'uwana, cikin sunan Yesu Almasihu. Sunana Rifkatu, a nan Gashua nake zaune, maigidana yana koyarwa a Nguru. Wadda ke goye a bayana ita ce 'yata Alheri, kuma saboda ita na tsaya yau.

Alheri ta zo duniya da kuka. Safe kuka, rana kuka, har na riƙa yi wa Allah ƙorafi, ina cewa wannan wace irin kyauta ce.

Da na yi arba'in sai na koma shanyar barkono tare da maƙwabciyata Ya Falmata, matar da ta riƙe ni kamar 'yarta tun da muka zo garin nan. Wata rana na sunkuya zan ɗaga buhu, baya ya riƙe. Ko miƙewa na kasa. Mijin Ya Falmata direba ne a hanyar Jakusko, yana da wata ƙwaya da yake sha in jijiya ta ɗaure. Ita ta kawo mini don tausayi, ni kuwa na sha, ban ko tuna cewa ina shayarwa ba.

Baya ya saki. Alheri ma ta yi shiru, sai barci. Mata suna shigowa suna yaba ta, wai yarinya ta yi haƙuri. Ni ma na durƙusa na gode wa Allah. Nono kuwa in ta kama sai ta saki, na ce ƙoshi ne.

Ranar Lahadi muna sujada, zumuntar mata suna waƙa da ganga da tulu a daidai kunnenta, ba ta motsa ba. Matar Pasto ta karɓe ta, ta ɗaga hannunta, hannun ya faɗo. Ta dube ni ta ce, “Rifkatu, wannan ba barcin lafiya ba ne.”

'Yan'uwa, ban jira a tashi sujada ba. A cikin Keke Napep zuwa asibiti addu'a ɗaya na iya: “Ya Yesu, maido mini da kukan nan. Ba zan ƙara ƙorafi ba.”

Nas ta tambaye ni abin da nake sha, na nuna mata. Likita ya ce wasu magungunan sakin jijiya suna bin nono, su sa jariri barci da kasala har ya kasa tsotso. Ya ce ba dukansu ne haka ba, amma mai shayarwa sai ta faɗa kafin a ba ta kowanne. Ya hana ni wancan, ya ba ni wani, aka kwantar da mu ana duba Alheri. Ya Falmata ta biyo mu da kunu tana hawaye, muka zauna, kowa na roƙo yadda ta iya.

Washegari da hantsi Alheri ta buɗe baki ta tsala ihu, ta kama nono da ƙarfi. Halleluya! Na yi ta kuka tare da ita.

Mata 'yan'uwana, duk mai goyo ta tambayi likita kafin ta haɗiyi ƙwaya, ko daga hannun masoyi ta fito. Ku dogara ga Ubangiji, Yana ji. Godiya da ɗaukaka su tabbata gare Shi.

Kun ji ta fara ko? Kada kowa ya rarrashe ta. Wannan kukan ni na roƙe shi.