Bakin Feshin da Ya Toshe

A ɗakin jiran likita na wani garin manoman alkama a yankin Wimmera, wani dattijo mai rawar hannu ya dubi hoton motar feshi a hular magidancin da ke gefensa.

"Motar feshi kake ja, samari?"

"Sabuwa dal, Baba. Ɗakin direba a rufe yake ruf, iskar ma sai an tace ta kafin in shaƙa. Tiyo ke zuƙo magani daga duro, hannuna ba ya taɓa shi."

"Mu a zamaninmu taga a buɗe muke feshi, mu koma gida riga jagab. To, in bakin feshi ɗaya ya toshe fa?"

"Nan take allo zai nuna mini wanda ya toshe."

"Allon ne ke sauka ya gyara?"

"Haba, Baba. Ni nake sauka."

"Da safar hannu?"

"Ina lokacin neman safa, ga iska na shirin tasowa? Kwance shi nake yi, in hure, in mayar."

"Da baki."

"Kowa haka yake yi."

"Na sani. Shekara da shekaru ina yi, har na daina jin ɗacin maganin. Me ya kawo ka nan?"

"Ba komai, matata Bronwyn ce ta dame ni. Wai yatsana yana rawa in na yi zaune."

Dattijon ya danne hannunsa na dama da na hagu.

"Babban yatsa ne?"

Magidancin ya tura hannu cikin aljihu.