Rigar Ɗan Kayayo

Salama gare ki, Anti mai gabatarwa, da duk masu sauraro. Ni Kirista ce, amarya a unguwar Maamobi, mai yawan karanta littattafan soyayya, inda attajiri yake tsayar da mota ya share wa talaka hawaye. Haka na zaci taimako yake, har ranar Asabar ɗin da zumuntar matan cocinmu ta kai wa kayayo, mata masu dako a kasuwar Tudu, shinkafa.

Ni aka ba waya in ɗauki hotunan da za a tura wa masu tallafa mana a Turai. Wata kayayo ta zo da ɗanta cikin rigarsa ta Sallah, fes da shi. Shugabarmu ta ce mata, "Cire masa rigar nan, 'yata. Turawa ba sa tausayin yaro mai tsabta."

Matar ta dube mu ta ce, "Madam, saboda zuwanku na wanke ta jiya." Ta ajiye shinkafar, ta goya ɗanta, ta tafi.

Tir da mu. Yunwa ba ta ishe ta ba, sai mun ƙara mata da tsiraici? Yesu bai koya mana haka ba. Na mayar musu da wayarsu. Gobe zan dafa wake da shinkafa in je Tudu nemanta, ba hoto.