Jitar Hagu ta Zunnuraini Mai Faci

Jawabin da Na'ima Abdulfatah ta karanta a Magama, Jibiya, ranar cika shekara ɗaya da rasuwar mijinta.

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

Wakilin mai girma Hakimi, ranka ya daɗe. Mai unguwar Magama, Allah ya ja zamaninka. Malam Liman, Allah ya gafarta Malam. Shugabannin ƙungiyar direbobi da ta masu faci, waɗanda suka haɗa wannan zama. Baƙinmu da suka ƙetaro daga Maraɗi. Inna Hasiya, mahaifiyarsa. Yaya Dalhatu, wansa. Iyayena mata da ke cikin rumfa, assalamu alaikum.

Ku yi mini uzuri, ba zan kama sunansa ba. Shekara biyu da wata uku muna tare ban taɓa kamawa ba, ba kuwa yau zan fara ba. Kun san wanda nake nufi.

Ranar Talata ce, da hantsi. Na ɗora wake a wuta, na zauna bakin ƙofar ɗaki da wani littafin soyayya da na aro wurin maƙwabciyata Rukayya. Sai na ji ƙara daga wajen titi. A Magama fashewar taya ba labari ba ce, ko kaji ba sa ɗaga kai. Saura shafi huɗu in gama babi, sai na ci gaba da karatu. Na gama shafi huɗun nan tsaf. Ina juya na biyar Rukayya ta shigo babu sallama, babu mayafi, ta ce, "Na'ima, aje littahin nan."

Tayar tirela ce yake ba iska, ƙarfen da ke riƙe da ita ya ɓalle. Ba a kai da shi asibiti ba.

A duk littattafan da na karanta, idan irin wannan ta faru gaban matar yakan faɗi, ko kofi ya suɓuce daga hannunta. Ni gabana bai faɗi ba. Ina can ina tausayin wata yarinya da ba a taɓa haifa ba, nawa yana kwance a bakin titi. Na daɗe ina neman wanda zan gaya wa wannan, yau na gaya muku duka.

Ga jitarsa can jingine a kujera. A gida an yanke cewa idan na gama magana in ɗauke ta in miƙa wa Baba Maɗugu, direban da ya kawo masa ita tun farko, ya ƙetare da ita Maraɗi. Zan zo kan wannan. Bari in fara sauke abin da kuka ɗora mini.

Ya kasance mai faci, kuma bai taɓa jin kunyar sana'arsa ba. Mu mutanen bakin iyaka mun san abin da taya take nufi. Albasar mutum da barkononsa da ranar komawarsa gida duk a kanta suke. Babu direban da ya bi hanyar nan shekara goma da bai tsaya gindin dalbejiyarsa ba.

Ya kasance tare da mu a shekarar da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar. Kun tuna. Motoci jere har inda ido ya ƙare, albasa tana ruɓewa a cikin buhu, warin yana shigowa har ɗakunanmu. Manyan mutane masu iyali suna kwana ƙarƙashin mota, gida na can kilomita kaɗan amma babu hanya. Aiki ya tsaya masa kamar yadda ya tsaya wa kowa, domin motar da ba ta tafiya ba ta neman faci. Amma kullum sai ya buɗe rumfa. Ya cika randa da ruwa. Bayan la'asar ya ɗauko jita ya zauna a kan tsohuwar taya. Wani direba da ke nan zaune ya taɓa gaya mini cewa a watannin nan abu biyu ne suka hana shi haukacewa, salla da kiɗan mai faci. Malam Liman, a wannan jerin ya faɗe su, salla ce a gaba.

Ya kasance mai son kiɗan da ake kira bulus, na baƙaƙen fatar Amurka, da ƙanen wannan kiɗa, mai hayaniya, da ake kira rok. Ya ce kakanninsu daga ƙasashen nan namu aka kwashe su, shi ya sa idan ka kasa kunne za ka jiyo gurmi da molo a ciki. "Namu ne ya tai yawon duniya ya dawo da kwat," in ji shi. Inna, ki yafe mini, sai na ba da labarin nan. Wata rana ya shigo yana ta zancen bulus, bulus ya ce kaza, bulus ya yi kaza. Inna ta ce, "Wai wane ne Bulus ɗin ga da kullum kake zance nai? In abokinka ne ka kawo shi ya ci tuwo mana, ko don shi Kirista ne kake ɓoye shi?" Ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Tun daga ranar, in an zuba tuwo sai ya ce a rage na Bulus.

Bai iya faɗin sunayen manyan makaɗan nan ba, bai kuma damu ba. Sai ya raɗa musu nasa. Akwai wani dattijo mai ƙiba da ke kiɗa a zaune cikin kwat, ya sa masa Alhaji, saboda kwarjini. Akwai wani Bature da ba ya gaggawa, ya sa masa Sanyin Jiki. Akwai makaho mai goga wuyan kwalba a kan tsirkiya, shi kuma Malam. A saman su duka akwai Bahago, mai tulin gashi da ɗankwali a goshi, wanda ya mutu bai kai talatin ba.

Ku da kuka zauna a rumfar kun san gardamar da ba ta taɓa ƙarewa ba. Baba Maɗugu ya tsaya a kan cewa duk duniya babu kamar Buzayen Agadas. Ina kawo abincin rana sai in tarar suna yi.

"Kai yaro ne," in ji Baba Maɗugu. "Naka Alhajin, sai ya taɓa waya guda ya tsaya yana yamutsa huska kamar mai ciwon haƙori. Mi ya kaɗa?"

"Baba, naka gudu suke kamar raƙumi ya hango rijiya. Alhaji sau guda yake taɓawa ka tuna uwarka."

"Uwata tana Maraɗi lahiya lau, ba ni buƙatar wani ƙato ya tuna mani ita."

Haka za su yi ta yi har a kira salla, su tafi sahu ɗaya, su dawo su ɗora daga inda suka tsaya. Amma idan aka zo kan Bahago, Baba Maɗugu yakan ce, "Wannan kam aljani ne, a fid da shi cikin lissahi."

Yanzu zan faɗi abin da ya sa jitar can ba irin sauran ba ce. Lokacin da Baba Maɗugu ya kawo masa ita daga Agadas, tun mijina yana saurayi, ba ta da tsirkiya ko ɗaya. Abin da ya zo tare da ita wani yagaggen hoto ne na Bahago yana kiɗa. A garin nan babu wanda zai tambaya. Sai ya samo wayar birkin babur, ya warware silinta, ya ɗaura shida, ya kafa hoton a gabansa ya riƙe jitar yadda ya ga mutumin ya riƙe. Bai san mutumin bahago ne ba. Shi kuwa na-dama ne, da dama yake ci, da dama yake riƙe guduma, amma ya koyi kaɗawa da hagu, ya jera tsirkiyoyin a juye. Shekara huɗu yana haka kafin wani ya nuna masa bidiyo a waya, ya ga kowa a duniya ɗaya gefen yake riƙewa. Rumfa ta kwashe da dariya. Ya kalli wayar ya daɗe, sannan ya ce, "A cikinsu duka wa ya fi?" Aka ce Bahago. Ya ce, "To su ne suka juya."

Bai taɓa gyarawa ba. Duk makaɗin da ya biyo ta nan ya ce a ba shi ya taɓa, sai ya mayar da ita yana cewa wannan ba ta kaɗuwa.

Ya kasance miji. A nan ba zan ce mu ba. Na shigo gidansa da akwati guda na littattafai da tunanin cewa miji shi ne mai dogayen kalamai da turare. Na samu mai warin roba, wanda kalamansa na soyayya ba su wuce "kin ci abinci?" ba. Na yi kuka a watan farko, ban ɓoye ba. Shi kuwa sai ya ce in riƙa karanta masa. Yana jin labarin yana bi da jita a hankali, in an zo wurin baƙin ciki ya ja tsirkiya ta yi kuka, in attajirin saurayin ya fito da motarsa ya ce, "Allah ya kawo shi Magama, ƙusa na jiran shi."

Akwai abin da mutanen Kusa, garinmu, suka sani, ku ba ku sani ba. Ni bahaguwa ce. Na sha dukan ludayi a hannun nan kafin in koyi cin tuwo da dama, na sha bulala a makaranta kafin in koyi rubutu da dama. Na iya ɓoyewa har na manta. Wata Juma'a bayan ya dawo masallaci, ya gan ni ina tsince shinkafa da hagu, na yi sauri na sauya hannu. Ya tashi ya sakaya ƙofa, ya ɗauko jitar ya ɗora mini a cinya. Ta zauna daidai. Hannun da aka yi shekara ashirin ana kora, shi ne ya sauka a kan tsirkiya ba tare da an nuna masa ba.

Ya ce, "Ashe ba kuskure na yi ba. Ajiya aka ba ni." Ya ce, "Taki ce, ni riƙo nake."

Ba ni da shaida sai Allah. Daga ranar, duk Juma'a yakan koya mini kaɗan, ƙofa a sakaye. Salon riƙon tsirkiya uku na iya, muna kan na huɗu.

Inna, na san abin da ya sa ba kya son ganinta a gida. Kin gaya mini ko zani ne ya goge ta, ta yi ƙara, sai ki ɗaga kai ki dubi ƙofa. Ba zan bar ta ta ƙara yi miki haka ba. Kin riƙe ni kamar ɗiyar cikinki, kin zauna da ni duk kwanakin takaba, ko bayan na koma gidanmu ba ki daina aiko mini da fura ba. Allah ya saka miki da Aljanna.

Yaya Dalhatu, ka ce jita ke jawo jita-jita. Ka ce ni yarinya ce, gaba gare ni, kuma babu mai neman bazawarar da aka ji kiɗa a ɗakinta. Na san don ni ka faɗa, ba don kanka ba. Wataƙila ma gaskiyarka ce. Na auna maganar wata bakwai.

Baba Maɗugu, kai ka kawo ta, babu wanda ya fi ka cancanta. Da ka ce za ka rataye ta a ɗakinka, da na yi shiru. Amma da Yaya ya tambaye ka abin da za ka yi da ita, ina bayan ƙofa na ji ka ce akwai ɗan ƙanenka mai kiɗan biki, za a cire wayoyin birkin nan a sa na kanti, a juya ta a gyara ta. Baba, in aka gyara ta, ta zama jita irin ta kowa. Rumfarsa wani ya karɓa. Kayan sawarsa an rabar. Allah bai ba mu haihuwa ba. A duk abin da ya bari, wannan juyin ne kaɗai ba a iya samu a wurin wani.

Muna godiya ga ƙungiyar direbobi da ta masu faci da suka tuna da shi bayan an watse zaman makoki. Muna godiya ga waɗanda suka ɗauke shi daga bakin titi, da waɗanda suka wanke shi, da waɗanda suka bar motocinsu a layi suka bi shi makwanci. Muna godiya ga baƙinmu na ƙetare, Allah ya mayar da ku gida lafiya.

Ya Allah, bawanka ne, ɗan baiwarka. Ka san ruwan da ya shayar, ka san tayoyin da ya ɗinke wa waɗanda ba su da abin ba shi. Abin da ya yi daidai ka karɓa, abin da ya kuskure ka yafe. Ka yalwata kabarinsa, ka sanyaya zuciyar mahaifiyarsa, ka kiyaye masu aiki a bakin titin nan. Mu da muka rage, ka sa mu cika da imani. Amin.

Saura miƙa jita. Baba Maɗugu, Yaya, Inna, ku yi haƙuri, ba zan miƙa ba. Da ita zan koma Kusa yau, kuma zan ci gaba da koyo.