Wai ba korar ta aka yi ba

Ka gan ta a tashar motocin garin Doka, ita kaɗai, da farar rigar aiki a leda, ka kau da kai. Wani tsoho ne ya tanka mata.

"'Yata, lafiya?"

"Kora ta aka yi, ya Hajj. Ungozoma ce ni a asibitin gwamnati. Na ce maganin masu haihuwa yana ɓacewa, sai mudir, shugaban asibitin, ya ƙi sabunta mini aƙad, wato kwantiragin aikina."

"Ai ba kora ba ce. Wa'adi ne ya cika."

"Haka aka ce inda na kai ƙara. Wai mu'aƙƙat, mai aikin wucin gadi, ba a korar sa, ƙarewa yake yi. Sai ka ce sukari! Sai dai in kawo wanda ya ji mudir ya ce bakina ne ya jawo mini."

"Ba wanda ya ji?"

"Duk sun ji. Su ma mu'aƙƙat ne."

Tsohon ya ce:

"Gadin makaranta na yi har furfura, ina mu'aƙƙat. Ranar da na ƙare, ba wanda ya fito rakiya."

Sunanta Sa'adiyya. In kunnenka ya ji abin da mudir ya faɗa, tashi ka je ka ba da shaida.