Rata Mai Kaurin Farce

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta da alayensa.

Shugaban wannan zama, Tuan Haji Roslan. Limaminmu Tok Imam Shafie, Allah ya ƙara wa rayuwa albarka. Dattawan ƙungiyar masu baburan ruwa ta bakin tekun Cenang. Samarinmu masu kai baƙi yawon tsibirai. 'Yan'uwana mata da kuka sauke tukwanen shinkafar kwakwa kuka zo. Jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum warahmatullah.

Ina gode wa shugaba da ya ba ni wannan dama, ina kuma gode wa duk wanda ya tako gidana ya yi mini jaje. Muryata ba ta da nisa, na baya ku ɗan matso.

Abu biyu ne a gabanmu yau. Ɗaya, ko za a ci gaba da taɓa ratar fulogi kafin a ɗaura shi a inji. Ɗayan kuma shawarar da ɗanmu Azlan ya kawo, cewa a sallami tsohon bakanikenmu Pak Derus daga garejin ƙungiya. An ce in yi magana domin ni da 'yata Suraya ne a kan babur ɗin da ya mutu a teku. Malamar da ta biya mini karatu ta hore ni da kada harshena ya wuce inda idona ya tsaya, don haka abin da na gani kawai zan faɗa.

Na farko, abin da ya faru. Tun rasuwar maigidana Mat Zin nake riƙe da baburansa, amma ban taɓa hawa ko ɗaya ba. Tsibiran nan daga gaɓa nake ganinsu tun ina yarinya, shuɗaye da safe, baƙaƙe da yamma, kamar garuruwan da ake ba da labarinsu. Rannan Suraya ta ce mini, "Mak, kina ba da hayar abin da kike tsoro. Hau mana, ko kifaye su ga sabon mayafinki." Na hau, na rufe ido, na riƙe ta kamar mai riƙon ƙarshen duniya.

Mun wuce duwatsun bayan tsibirin da gaggafa ke shawagi sai inji ya fara tari, ya yi rawar ɗari, ya yi shiru. Wayarmu kuwa tana cikin jakata a rumfa.

Jama'a, ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Ruwa kore ne har ƙasa, inuwar gajimare tana tafiya a kansa a hankali kamar mai tsoron tada barci. Babur yana juyawa da mu, tsibiri ya zo gabanmu, ya koma baya, ya sake zuwa. La'asar ta yi, na yi alwala da ruwan teku, na rasa alƙibla domin duk inda na fuskanta sai ruwa ya juya ni, na yi sallata a zaune ina neman afuwa. Na tuna Mat Zin, har na ji kamar ƙamshin man inji na rigarsa yana tasowa daga ruwa. Sai da na ga gaɓa ta zama zare, na ga Suraya ta daina barkwanci, sannan na gane teku tana janmu waje, kuma ba ta da niyyar dawo da mu.

Wanda ya lura ba mu dawo ba, ya ture tsohon kwalekwalensa ya biyo mu, shi ne Pak Derus. Da ya iso yana ɗaura igiya, Suraya ta ce, "Pak, ka taɓa fulogin nan ko?"

Ya ce, "Gaisawa kawai muka yi, 'yar nan."

Ta ce, "Gaisuwa da guduma?"

Ya ce, "Gindin sifana ne. Ubanki ma haka yake yi."

Ta ce, "Ubana ai injinsa ya girme ni."

Ya ja mu da igiyar har muka iso gaɓa.

Na biyu, ita kanta ratar. Ni ba bakanikiya ba ce, amma na zauna kusa da bakanike shekaru masu yawa. Mat Zin ya taɓa kare fulogi da tafin hannunsa ya nuna mini wutar, shuɗiya, ƙarama, tana tsallake wani ɗan fili da bai fi kaurin farce ba. Ya ce duk gudun da nake gani a kan ruwa, duk ihun baƙi, duk abincin gidanmu, daga wannan tsallaken suke fitowa. In ratar ta matse, wuta ba ta da ƙarfi. In ta buɗe da yawa, wuta ba ta kaiwa. Iyayenmu masunta sun san haka, shi ya sa kowannensu in ya sayi fulogi sai ya gwada da farce, ya ɗan ƙwanƙwasa a gefen kwalekwale, ya busa, ya yi bismilla. Fulogin wancan zamani ƙarfe ne mai kauri, yana jure duka kamar ƙofar masallaci. Na injinan yanzu kuwa bakinsa siriri ne kamar tsinin allura, an auna shi tun daga inda aka ƙera shi. Da aka kwance namu, duka an same su da tsaga, ɗaya ma bakin ya karye. Gaskiyar Azlan ce, ba zan rage masa ko ƙwayar shinkafa ba: Pak Derus ya yi kuskure, kuma kuskuren ya kusa cin rai biyu. In kiɗa ya sauya, dole rawa ta sauya.

Don haka ra'ayina shi ne a auna, kada a lanƙwasa. Kowane sabon fulogi a gwada shi a hankali da ƙarfen awo, a kan abin da masu ƙera injin suka ce. In ya dace a ɗaura. In bai dace ba a mayar wa mai kanti ya sake wani. Ba farce, ba sifana, ba gefen kwalekwale.

Na uku, shi Pak Derus. An ce sabo turken wawa, amma ni ban ga wawa a nan ba. Na ga hannun da ya yi shekara da shekaru yana mayar da mazajenmu gida, har ya saba da alheri iri ɗaya, bai ji lokacin da duniya ta sauya a ƙarƙashin yatsunsa ba. Wa ke jin tarin inji tun daga rumfar shayi ya ce a dawo da shi? Wa ke duba gaɓa yana ƙirga waɗanda suka fita? Rannan mutum nawa ne a bakin ruwa, kuma wa ya ture kwalekwale? Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. In muka sallame shi, mun rabu da kuskure ɗaya da muka riga muka gano, mun kuma rabu da idon da ke gano sauran.

Ga ƙarfen awon Mat Zin, na zo da shi a ƙullin mayafina. Ina roƙon zaman nan ya yarda in miƙa shi ga Pak Derus, Suraya ta zauna da shi ta nuna masa awon zamani, shi kuma ya koya mata sauraron inji. Kuma domin kada a ce na yi kyauta da ran baƙi, babur na farko da zai ɗaura wa fulogi, ni zan hau. Akwai bayan tsibirin nan da ban gama gani ba, wannan karon kuma idona a buɗe zan tafi.

Allah ya kiyaye masu fita, ya dawo da su ga masu jiransu. Allah ya kwantar mana da teku, ya sanya albarka a abincinmu, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Allah ya ba shugabanninmu ikon yin adalci mai tausayi, ya sa mu tashi daga zaman nan ba wanda aka bari a baya.

Pak Derus, miƙo hannunka.

Na gode.