Usur ɗin Mama Nyamizi

A tashar Tabora, Mama Nyamizi na jiran motar Mwanza, da usur ɗin ƙungiyar rawa ɓoye a ƙirjinta. Shekara arba'in tana busa shi, yau kuma ake bikin miƙa shi. Sai wani tela ya zauna kusa da ita da ƙunshinsa.

"Sannu, Iya. Kayan 'yan rawar garin nan na kawo. Yau tsohuwar shugabarsu ke sauka. An ce da ƙyar aka lallashe ta."

"Ai dole. Matar da ta same su suna rawa kamar cinnaka ya shiga zanensu?"

"Kin san ta ke nan?"

"Sama-sama. Na dai ji ta gudu da usur ɗin. Ka kuwa san ba a ɗaga ƙafa sai an busa shi. Yau sa sha tsayuwa."

Tela ya yi dariya. "Magajiyarta Kabula ta san halinta. Tun jiya ta sayo sabo a kasuwa, na roba."

"Na roba? Mai kuka kamar ɗan tsako? A gaban baƙi?"

Motar Mwanza ta fara lodi. Mama Nyamizi ta miƙe, ta juya mata baya.

"Ɗauki kayanka, ɗana, mu je. Zan miƙa shi, amma sai ta busa a gabana na ji."

"Iya, ba kin ce sama-sama kika san tsohuwar ba?"

"Haka ne. Yau ni ma ta ba ni mamaki."