Rigar Rinin Dutse

A bakin jirgin tsibirin Harris, Tormod na tsaye cikin sabuwar kwat, zai haye teku neman aure. Wata tsohuwa ta shinshina hannun rigar.

"Ɗan nan, da me aka rina wannan?"

"Gansakukar dutse, Iya. Gashin tumakinmu ne, saƙar mahaifiyata."

"To, ba da ita za ka shiga ba. Rinin da aka kankaro jikin dutse, dutsen ƙasan teku yake nema. So kake ka nutsar da mu?"

"Jirgin ƙarfe ne fa!"

"Yaushe ƙarfe ya koyi iyo?"

Fasinjoji suka tare hanya. Tormod ya tuɓe kwat ɗin.

Tsohuwa ta sauke ido ƙasa. "Wandon fa?"

"Tukunyarsu ɗaya," ya ce a hankali, yana laluben maɓalli.